Ranar da Aka Kwaikwayi Maman Vera

Duk wanda ya taɓa sayen doya a rumfar mata da ke gefen kasuwar Lafiya ya san Maman Vera. In bai shaida fuskarta ba, to ya san muryarta, don tun daga bakin titi ake jiyo ta tana ciniki. Sunanta na asali Ngunan, 'yar Tibi ce, gajera kakkaura, mai ɗaurin ɗankwali a karkace kamar zai faɗo, amma bai taɓa faɗowa ba.

Muryar nan ba da gangan ta same ta ba. A wani ƙauye bayan Assakio aka haife ta. Mahaifinta Akaa manomin doya ne, kunnensa ɗaya ya mutu tun yana saurayi, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Uwarta ta rasu tana ƙarama, sai ya zama ita ce mai ƙwala wa uban kira daga wancan ƙarshen gona, ita ce mai maimaita masa abin da baƙo ya ce, ita ce kuma mai tsawata wa ƙannenta. Yarinyar da ta tashi a haka ba ta koyi raɗa ba. Da ta auri Terhide, direban a-kori-kura mai ɗauko doya daga ƙauyuka, sai ta biyo shi Lafiya, ta fara kasa doya a bakin kwata tare da sauran mata, rana ta doke su, ruwa ya doke su.

A wancan lokacin matan ba su da rumfa, ba su da ƙungiya. Wata safiya wasu dillalai suka zo da ƙarti suka ce a kwashe, za su mai da filin wurin tsayawar manyan motoci. Mata suka fara tattara kwanduna suna share hawaye. Ngunan ta hau kan benci ta buɗe makogwaro. Ta yi da Hausa, ta yi da Tibi, ta ƙara da Turancin kasuwa, har mahauta suka bar teburansu suka zo kallo. Da jama'a suka taru, dillalan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsaya nan ba. Ta yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan har aka ba su izinin kafa rumfa. Ranar da aka buga kwanon ƙarshe, matan suka ɗaga ta sama suna guɗa, kuma tun daga ranar ta zama shugabarsu. Ciyaman suke ce mata.

Ta kafa dokoki, kuma dokokin ba su da laifi. In motar doya ta iso, kowace mace za ta sa hannu a sauke kaya, don 'yan dako su kaɗai ba sa isa. Ba a janye wa juna mai saye. Ana shara kafin a tashi. Abin da take tinƙaho da shi shi ne adalci: a wurinta babu Kirista, babu Musulma, babu 'yar yarenmu. Ta taɓa hukunta ɗiyar ƙanen mahaifinta a gaban kowa, kuma ko doya ɗaya ta ƙungiya ba ta taɓa kaiwa gida ba. In aka zauna mitin, ita ke buɗewa, ita ke jawabi, in ta kai ƙarshe sai ta daki benci da tafin hannu ta ce, "Na gama magana!" Kowa ya watse. Tana ganin yadda babu mai musa mata, sai ta ɗauka ƙauna ce da yarda.

Shekaru suka tafi a haka, har 'yarta Vera ta girma ta shiga karatun noma a jami'ar da ke Shabu.

Kowace shekara in sabuwar doya ta fito, ƙungiyar tana yin biki. A bikin da nake ba ku labari, Ngunan ta yi shiri na musamman, domin Vera ta samu manemi, wani yaro mai suna Terfa, kuma an gayyato mahaifiyarsa don ta ga irin gidan da ɗanta zai nemi aure. Aka kafa kanofi, aka ɗauko lasifika, aka kirɓa sakwara da miyar agushi. Ngunan ta sha sabon leshi ta zauna a babban tebur, uwar Terfa a damanta, Vera a bayansu.

Bayan an yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, mai gabatarwa ta ce mata sun shirya ɗan wasan kwaikwayo. Sai ga Sewuese ta fito. Sewuese ƙawar Ngunan ce tun suna 'yan mata, ƙauyensu ɗaya, kuma ita ce mai ba rumfa dariya. Ta cusa tsumma a ƙugunta, ta karkata ɗankwali, tana tafiya tana buɗa ƙafafu kamar mai auna fili. Tun kafin ta ce uffan aka fara ƙyalƙyatawa. Ngunan ma ta yi dariya.

Wata mata ta rugo da gudu ta durƙusa gaban Sewuese. "Ciyaman, akuya..."

"Ni ce akuya?" in ji Sewuese da wata murya mai tsaga kunne. "Ni kike kira akuya?"

"A'a, Ciyaman, ina nufin akuya tana..."

"Rufe min baki! Wa ya ba ki izinin magana? Lokacin da nake faɗa da dillalai kina ina?"

Can bayan Sewuese kuwa wata ta lulluɓa da buhu tana rarrafe, tana cinye doyar Ciyaman ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta zo faɗa mata, sai ta sha tsawa ta koma. Ngunan tana dariya har da riƙe ciki, don wasan ya yi kyau, kuma a zuciyarta tana cewa ai tsokana ce ta ƙawa. Sai Sewuese ta ɗaga hannu sama za ta daki benci. Kafin ta buɗe baki, duk taron, mata da 'yan dako da masu a-kori-kura, suka haɗa murya ɗaya:

"Na gama magana!"

Wurin ya kaure. Nan dariyar Ngunan ta tsaya mata a wuya. Ta dubi matan. Wasu suna dariya har da hawaye, suna dukan cinya, irin dariyar mutumin da ya daɗe yana riƙe abu a ciki. Kuma babu ko ɗaya da ta yarda ta haɗa ido da ita. Ta waiga ta ga Vera ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta.

Uwar Terfa, baiwar Allah, tana share idonta da gefen gyale, ta taɓo ta. "Kai, matan nan sun iya. Wace ce wannan masifaffiyar da suke kwaikwaya?"

Ta tambaya ne tana duban ɗankwalin Sewuese, sannan idonta ya sauka kan na Ngunan. Sai ta jawo kwanon sakwara gabanta ta shiga ci da sauri.

Ngunan ba ta san yadda ta kai ƙarshen bikin ba. An miƙo mata makirfo ta yi jawabin rufewa, ta ce an gode, Allah ya kai kowa gida lafiya, ta mayar. Ba a taɓa jin jawabinta ya yi gajarta haka ba.

Da suka koma gida da yamma, kunyar ta juye ta zama faɗa. Tana cire sarƙa tana zazzaga wa Terhide, wanda ke zaune a tsakar gida yana wanke ƙafa. Butulci ne, in ji ta. Matan da ta fitar daga bakin kwata! Sewuese da suka ci tuwo kwano ɗaya! A gaban surukai! Ta tsaya a kansa. "Kai ka faɗa min, haka nake? Haka nake yi wa mutane? Ai ka san ba haka nake ba. In da haka nake..."

"Mama," in ji Vera daga bakin ƙofa, "kin tambaye shi. Ki bari ya amsa mana."

Terhide ya daɗe yana goge ƙafarsa da tsumma, kamar mai neman amsar a tsakanin yatsunsa.

"Maman Vera," ya ce, "ke ba muguwa ba ce, kowa ya sani. Amma ni dai, in ina da magana mai muhimmanci, jira nake sai kin sa loma a baki. A nan nake samun wuri."

Bai faɗa da zafi ba. Da ma da zafin ya faɗa, da ta san abin da za ta yi da shi. Ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado da leshinta a jiki.

Washegari ba ta fita kasuwa ba. Ta ce zazzaɓi. Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, don da ta tuna muryoyin nan sun haɗu sai jikinta ya ɗauki zafi. Ko ƙofar gida ba ta son leƙawa, gani take duk mai okadan da ya wuce ya ji labari. Sewuese ta yi ta kiran waya, ba ta ɗauka ba.

Ana cikin haka sai ga Nana Hadiza ta zo dubiya. Ita ce mafi tsufa a rumfar, daga tsofaffin gidajen Lafiya masu asali da Barno, mace mai magana a hankali, wadda carbi ba ya barin hannunta. Ngunan ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, kuma tun kafin tsohuwar ta gama gaisuwa ta fara kai ƙarar Sewuese. Nana Hadiza ba ta katse ta ba. Ta bari har ta ƙare don kanta.

"Wasan ba Sewuese kaɗai ta shirya ba," in ji tsohuwar. "Da sanina aka yi. Ni na ce su yi."

"Ke, Nana?"

"Ni. Mun rasa ta inda za mu bi ne, 'yata. Ban san za ki zo da baƙuwa ba, wannan kam ki yafe mana. Amma ba shi ya kawo ni ba. Kin tuna Rabi'a?"

Ngunan ta tuna ta. Wata siririyar yarinya ce mai kunya, matar wani tela, da ke zama a ƙarshen rumfa. Bara, ranar da wata babbar mota ta iso da doya, Rabi'a ta ƙi tashi a sauke kaya. Ta matso kusa da Ngunan tana cewa tana son magana da ita a gefe. Ngunan ta ce babu wani gefe, a rumfar nan ba a ƙus-ƙus, in tana da magana ta faɗa kowa ya ji. Yarinyar ta dubi 'yan dakon da ke tsaye, ta sunkuyar da kai. Ngunan ta kira ta malalaciya, ta ce wadda ba za ta ɗauki kaya ba ba za ta zauna a inuwar ƙungiya ba. Rabi'a ta kwashe doyarta ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Har yau Ngunan tana kawo labarin a mitin a matsayin misalin cewa doka ba ta san kowa ba.

"Ciki ne da ita," in ji Nana Hadiza. "Ƙarami. Kuma kafin shi ta yi ɓari har sau biyu. A asibiti aka ce kada ta ɗaga ko bokitin ruwa. Abin da take son raɗa miki ke nan. Yaya za ta faɗi wannan a gaban maza?"

Ngunan ta ƙura wa tsohuwar ido.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?" ta ce a hankali.

"Na zo miki washegari. Na ce, Ciyaman, game da yarinyar nan. Kika ce an rufe wannan maganar." Tsohuwar ta ja carbinta. "Ni ma ina da nawa laifin. Na girme ki, ya kamata in tsaya a kan ƙafata. Tsoron bakinki ya sa na koma na zauna. Ke kina son gaskiya, Maman Vera, ban taɓa shakka ba. Amma wanda bai ji ba, da me zai yi adalcin?"

"Cikin fa?"

"Ta haihu. Namiji. Tana Shabu tana suyar doya a bakin hanya."

Bayan tafiyar tsohuwar, Ngunan ta zauna tana bin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya. Fuskoki suka riƙa zuwa mata: wadda ta ɗaga hannu a mitin ta sauke, wadda ta fara magana ta haɗiye, waɗanda suka bar rumfa aka ce sun samu wani wuri ne. Kunyar bikin ta zama ƙarama. Waccan kunyar idon mutane ce. Wannan kuwa ko ita kaɗai ce a ɗaki ba ta barin ta.

Da safe ta hau okada zuwa Shabu. Ta samu Rabi'a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kusa da inda ɗalibai ke sauka, kasko a kan wuta, jariri a goye. Da yarinyar ta gan ta sai ta miƙe da sauri, ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Lafiya dai?"

Ta goge mata benci. Ngunan ta zauna, ta fara. Ta ce ta zo ne saboda ta ji abin da ya faru, kuma ita ba ta sani ba, da ta sani ai ba za ta yi ba, don ita ma uwa ce, kuma dokar an kafa ta ne saboda wasu suna fakewa, kuma ranar motar ta makara, direba yana ta masifa... Tana cikin jero wannan sai ta lura da Rabi'a. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana cewa "haka ne, Mama, haka ne," daidai yadda ta tsaya a rumfa bara. Ngunan ta ji muryar kanta tana cika gindin bishiyar, har wasu ɗalibai sun juyo. Ta zo ba da haƙuri, ga shi tana kare kanta.

Ta kama bakinta da hannu, a zahiri, kamar mai toshe tulu.

"Rabi'a," ta ce bayan ta sauke hannun, "na yi miki laifi. Ki faɗa min abin da kika so faɗa min ranar. Ba zan ce komai ba."

Rabi'a ta juya doyar da ke cikin mai. Ta daɗe. Shirun ya yi wa Ngunan nauyi, amma ta danne.

"Ba wani abu ba ne mai yawa, Mama," in ji yarinyar. "So nake in ce ki ba ni shara a madadin ɗaukar kaya. Zan riƙa share rumfar duka ni kaɗai, har in haihu." Ta ɗan yi murmushi, idonta ya ciko. "Abin da ya fi min ciwo ba korar ba ce. Ni fa saboda ke na shiga ƙungiyar. Ina ƙarama nake jin labarin yadda kika kori dillalai. Da na koma gida ranar, ban iya gaya wa mijina cewa ke ce ba."

Ngunan ta dubi ƙasa. Hawaye ya ɗiga kan zaninta, ba ta share ba. Ta ce wurin Rabi'a yana nan, ta dawo ko gobe.

"Na gode, Mama. Na yafe, wallahi. Amma a nan ɗalibai sun saba da ni, kuma kusa da gida ne."

Ta faɗa da ladabi, amma a fili yake ba za ta dawo ba. Ta kwance goyon ta miƙa mata yaron. Ngunan ta riƙe shi, yana ta kama mata ɗan kunne. Da za ta tafi Rabi'a ta ƙunsa mata soyayyar doya da yaji, ta ƙi karɓar komai.

Ngunan ta koma kasuwa a satin. Shigarta rumfa hira ta ɗauke. Sewuese tana zaune tana kankare ƙasa daga jikin doya, ta ƙi ɗagowa. Ngunan ta je ta tsaya a kanta.

"Tsumman da kika cusa ya yi yawa," ta ce. "Ƙuguna bai kai haka ba."

Sewuese ta ɗago tana duban fuskarta, ta ga ba faɗa ba ne, sai ta fashe da kuka maimakon dariya.

Kada a ce Maman Vera ta zama wata mace dabam. Muryarta tana nan, har yanzu daga titi ake jiyo ta, kuma takan manta ta katse mutum, sai ta ga idon Nana Hadiza ta ja baya. Auren Vera da Terfa an yi shi, amma har gobe in ta haɗu da surukarta sai ta ji fuskarta ta yi zafi. Abin da ta canja shi ne tsarin mitin. A zaman farko bayan dawowarta ta miƙe ta ba da labarin Rabi'a, wannan karon yadda yake, ba tare da ta ambaci abin da yarinyar ta ɓoye ba. Ta ce ta yanke hukunci ba ta ji ba, kuma ba sau ɗaya ba. Ta ce daga yau ita ce za ta yi magana a ƙarshe, kuma duk mai magana ta sirri ta same ta a bayan rumfa. In kuma suna son sabuwar shugaba, su faɗa. Sannan ta zauna.

Ba wadda ta motsa. Matan suna ta kallon juna, ba su yarda ba tarko ba ne. Shirun ya yi tsawo har wani mai saye ya leƙo ya koma. Ngunan ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinyoyinta.

Can daga baya wata mata 'yar ƙabilar Eggon, mai tallar ƙananan doya, ta miƙe tana murɗa yatsu. Hausarta ba ta nuna sosai ba.

"Ciyaman, kwano na wajen mu yana yoyo. Ruwa yana zuba a kan doya, doya yana ruɓewa. Damina uku ke nan."

Wata ta ce haka ne. Wata ta ce nata gefen ma. Kafin a jima magana ta ɓarke ta ko'ina, wannan na kawo batun makewayi, waccan na kawo batun 'yan dako masu zagi. Ngunan tana ji, tana gyaɗa kai, amma hankalinta yana kan matar farko. Ta san fuskarta, ta san inda take zama, ta sha yi mata tsawa kan shara. Ta laluba ko'ina a kanta ta rasa sunanta.

Da aka tashi ta bi ta har wurin kayanta. Ta ɗaga kai ta ga hasken rana yana shigowa ta hujin kwanon. Ta rage murya iya yadda za ta iya.

"'Yar'uwa, ki yi haƙuri. Yaya sunanki?"

Matar ta dube ta da mamaki.

"Ashezi," ta ce. "Tare muka ɗauki katako lokacin da ana gina rumfa."